BABI NA HUƊU: MATSAYIN KWAFAFFUN SOJOJI A SABON FASALIN LABARIN STAR WARS

4.0 Gabatarwa

Wannan babi zai dubi yadda jerin finafinan Star Wars na ƙasar Amurka, waɗanda George Lucas ya fara fitarwa a shekarar 1977, suka ɗauki wani rukuni na taurarinsu, wato sojojin nan da ba uwa ce ta haife su ba, kwafo su aka yi daga jikin mutum guda. Za a bi sawunsu tun daga fitowarsu ta farko a fim ɗin Attack of the Clones na 2002 har zuwa shirin katun na The Bad Batch da aka kammala a 2024, domin a ga irin darajar da masu shirin suka ba su, da abin da ya canza lokacin da aka sake wa labarin fasali. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, sabon fasalin ya yi nasarar nuna cewa kwafaffe mutum ne mai haƙƙi a kan jama'a, amma ya daɗe yana jin nauyin ɗora masa alhakin abin da hannunsa ya aikata, alhali kuwa mutuntaka ba ta cika sai da su duka biyun.

4.1 Kwafaffe, Haƙƙi da Alhaki

A wannan nazari kalmar kwafaffe, wadda jam'inta shi ne kwafaffu, tana nufin halittar da aka samar daga ƙwayoyin gadon wata halitta guda tak, ba ta hanyar haɗuwar uwa da uba ba, ta yadda za ta fito da kamannin wanda aka kwafo ta daga jikinsa. Lokacin da aka ambaci yaƙin kwafaffu a fim ɗin 1977, ambato ne kawai aka yi aka wuce, fim ɗin bai tsaya bayanin ko su wane ne ba. Marubutan da suka ci gaba da labarin a littattafai, kamar Timothy Zahn a littattafansa uku na 1991 zuwa 1993, sun ɗauki kwafaffu a matsayin abin tsoro, masu saurin taɓuwar hankali idan aka gaggauta rainonsu. Sai ga shi a watan Fabrairun 1997 masana a Cibiyar Roslin ta Sikotilan sun ba da sanarwar tunkiyar nan Dolly, wadda aka samar daga ƙwayar jikin wata babbar tunkiya. Daga nan magana ta tashi daga tatsuniya ta shiga majalisu. A Nuwamban shekarar hukumar UNESCO ta fitar da sanarwar da ta ce kwafar mutum don samar da wani mutum ta saɓa wa darajar ɗan'adam, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da tata a 2005. Ke nan finafinan Lucas biyu da suka fito da sojojin kwafi, na 2002 da na 2005, a tsakiyar wannan taƙaddama aka shirya su.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan sanarwoyi aikin kwafar suka soka, ba su rage wa wanda za a samar ta wannan hanya daraja ba. Tagwaye masu kama ɗaya ma ai ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, amma babu mai hankalin da zai ce Hassan da Usaini mutum ɗaya ne, ko kuwa ya ce idan Usaini ya mutu ba a yi asara ba tunda ga Hassan. Saboda haka tambayar ko kwafaffe mutum ne ba ta da wuyar amsawa. Mai wuyar ita ce, me labari yake yi da shi bayan ya yarda mutum ne.

Ma'auni biyu za a yi amfani da su. Na farko haƙƙi, wato abin da mutum yake bin sauran jama'a, kamar kada a sayar da shi, kada a mayar da shi abin biyan buƙatar wani kawai, ra'ayin da masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya shahara da shi tun 1785. Na biyu alhaki, wato nauyin da yake hawa wuyan mutum saboda yana da ikon zaɓi. Jariri yana da haƙƙi amma ba a ɗora masa alhaki, haka ma dabba. Cikakken mutum ne kaɗai ake iya zalunta kuma ake iya tuhuma.

4.2 Kwafaffu a Finafinan George Lucas

A Attack of the Clones mai kallo yana fara ganin kwafaffu ne ta idon Obi-Wan Kenobi, ɗaya daga cikin mayaƙan ɗariƙar Jedi masu tsaron zaman lafiya a Jamhuriya, waɗanda daga nan za a riƙa kira Jedawa. Bincike ya kai shi duniyar Kamino, wadda teku ya mamaye kuma ruwan sama ba ya ɗaukewa. Firayim Ministan wurin, Lama Su, ya tarbe shi kamar yadda mai masana'anta yake tarbar wakilin wanda ya ba shi kwangila. Ya shaida masa cewa guda 200,000 sun kammala, wasu miliyan ɗaya suna tafe, kuma kalmar da ya ƙidaya su da ita ta lissafin kaya ce. Ya ci gaba da tallar hajarsa: sun fi mutum-mutumin yaƙi domin suna iya tunani, an gaggauta girmansu ninki biyu, an kuma taɓa ƙwayoyin gadonsu don su kasance masu biyayya, marasa taurin kan wanda aka kwafo su daga jikinsa. Wato sojan da aka tura fagen fama da jikin ɗan shekara 20, shekararsa 10 a duniya.

Yadda aka ɗauki wannan fitowa yana da muhimmanci. Obi-Wan yana tafiya ne a wani dogon baranda na gilashi yana leƙen ƙasa. Ga jarirai cikin kwalabe jere-jere, ga yara a aji kowa da abin saurare a kunne, ga manya suna cin abinci da fuska iri ɗaya, ga bataliya tana fareti. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka ba dama ya yi magana. An ajiye mai kallo a inda mai saye yake tsaye, daga can yake hangen abin da ake sayarwa.

A cikin wannan fitowa akwai wani ɗan bayani da ya fi kowane nauyi. Mutumin da aka kwafa, Jango Fett, ɗan farautar mutane ne a kan lada, kuma Temuera Morrison, ɗan ƙabilar Maori ta ƙasar Niyu Zilan, shi ya fito a matsayinsa. Ban da kuɗin aikinsa, abu guda ya nema: a ba shi kwafaffe ɗaya da ba a taɓa ƙwayoyinsa ba, ba a kuma gaggauta girmansa ba, ya riƙe shi. Wannan shi ne Boba Fett. Harshen Hausa yana da kalmar da ta kama wannan al'amari daidai, domin kalmar ɗa tana nufin wanda mutum ya haifa, tana kuma nufin wanda ba bawa ba, daga gare ta ne ma aka sami 'yanci. Boba ɗa ne ta ma'anonin biyu. Sauran dubban, waɗanda jininsu da nasa ɗaya ne, an raine su a ɗaki ɗaya, sun zama kaya. Abin da ya raba su ba ya cikin halittarsu, yana cikin yarjejeniyar ciniki. Fim ɗin ya kawo wannan hujja da kansa, sai dai bai tsaya a kanta ba.

Idan aka kwatanta da bautar da tarihi ya sani, matsayin kwafaffe ya fi kusa da na bacucane, wanda ya buɗe ido ya tarar da kansa mallakin gida. Amma ko bawa a ƙasar Hausa yana iya yin murgu ya tara abin fansar kansa. Mamalik na Masar, waɗanda ake sayowa suna yara a koya musu yaƙi, ana 'yanta su idan sun gama horo, har suka riƙe sarautar ƙasar daga 1250 zuwa 1517. Kwafaffe ba shi da irin wannan ƙofa. Ba a tambaye shi ba kafin a sa shi soja, kuma babu ranar da aka yanka masa ta sallama.

A nan ne ya kamata a dubi Jedawa. An gaya wa Obi-Wan cewa wani malaminsu mai suna Sifo-Dyas ne ya ba da kwangilar, mutumin da ya rasu kusan shekara 10 kafin nan. Majalisar Jedawa ta ce ba ta taɓa ba da wannan izni ba. Jango kansa an gan shi daga baya yana tsaye kusa da Count Dooku, madugun 'yan aware. Masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma da rikici ya ɓarke a duniyar Geonosis sai Yoda, babban malamin ɗariƙar, ya tafi Kamino ya kwaso rundunar. Tambayar da fim ɗin ya sa a bakin taurarinsa ita ce wa ya ba da kwangilar. Babu wanda ya tambaya ko ya halatta a karɓa. Wannan shiru ya fi ban mamaki idan aka tuna cewa a The Phantom Menace na 1999 Padmé ta yi mamakin samun bayi a duniyar Tatooine, tana kafa hujja da dokokin Jamhuriya na hana bauta, kuma Anakin Skywalker, wanda ya zo ya jagoranci runduna ta 501 ta kwafaffu, shi kansa ɗan baiwa ne da aka fanso daga can.

Wani abin da ya dace a ambata, ko da yake na fasahar shiri ne, shi ne cewa a finafinan 2002 da 2005 ba a ƙera wa waɗannan sojoji sulke ko ɗaya na zahiri ba. Duk sojan da aka gani cikin sulke da kwalkwali kwamfuta ce ta zana shi. Runduna ce da aka kwafa a cikin labari, aka kuma kwafa a ɗakin tace hoto.

A Revenge of the Sith na 2005 aka ga ƙarshen shirin. Shugaban Jamhuriya, Palpatine, wanda shi ne ya kitsa yaƙin ta ɓangarorin biyu, ya ba da Umarni na 66, sojojin suka juya kan Jedawan da suka shekara uku suna yaƙi tare. Fitowar da ta fi tsayawa a rai ita ce ta Kwamanda Cody a duniyar Utapau. Ya tsinci takobin hasken Obi-Wan ya miƙa masa cikin raha irin ta abokan aiki. Jim kaɗan saƙo ya iso, ya amsa, ya juya ya ce a harbo shi. Muryarsa ba ta canza ba. A yadda fim ɗin yake a 2005, babu abin da ya nuna cewa hankalin Cody ya gushe. Ana iya fahimtarsa a matsayin na'urar da aka kunna, ana kuma iya fahimtarsa a matsayin soja mai hankali da ya karɓi umarni daga shugaban ƙasa ya zartar. Fahimta ta biyu ita ce mai tayar da hankali, kuma ita marubuciyar nan 'yar Ingila, Karen Traviss, ta bi a jerin littattafanta na Republic Commando da ta fara a 2004. A wurinta Umarni na 66 ɗaya ne daga cikin umarnin ko-ta-kwana guda 150 da kowane soja ya haddace, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ba cewa rundunar bayi ce Jedawa suka karɓa.

4.3 Sake Fasali: Daga Lamba Zuwa Suna

Shirin katun na The Clone Wars, wanda aka fara a 2008 ƙarƙashin kulawar Dave Filoni aka kammala a 2020 da zango bakwai, shi ne ya sauko da mai kallo daga barandar gilashi zuwa cikin bariki. Fim na awa biyu ba shi da lokacin ƙaramin soja, amma shiri mai kashi 133 yana da shi. Mutum ɗaya ne, Dee Bradley Baker, ya yi muryar dukkan manyan kwafaffun, yana bambanta su da sauri ko nauyin harshe. Sojojin suka raɗa wa kansu sunaye a maimakon lambobin da Kamino ta ba su, irin su Rex da Fives da Echo da Waxer, suna canza aski, suna zanen fuska, suna yi wa sulke fenti, suna kiran juna 'yan'uwa.

Tun a kashin farko an bayyana manufa. Yoda ya zauna da sojoji uku a cikin kogo, ya sa suka cire kwalkwali, ya gaya wa kowannensu halinsa, yana nuna cewa kamar fuska ba ta sa su zama abu ɗaya ba. A kashi na biyu wani soja ya gaya wa malami Plo Koon cewa ba ya sa ran za a zo ceton su tunda an yi su ne don a yi asararsu, malamin ya amsa cewa shi a wurinsa ba haka ba ne. Waɗannan fitowa suna da daɗin kallo, amma manazarci ba zai kasa lura da iyakarsu ba. Darajar sojan a nan kyauta ce daga shugaba mai kirki. Kirkin ubangiji yana sauƙaƙa wa bawa rayuwa, ba ya fitar da shi daga bauta, kuma Yodan da ya san halin kowane soja a kogo shi ne dai ya kwaso su daga Kamino.

Shirin ya fi ƙarfi a wuraren da ya bar kwafaffu suka yi gardamar da kansu. A zangon farko akwai Saje Slick, wanda ya sayar wa abokan gaba asirin rundunarsa a duniyar Christophsis. Da aka kama shi sai ya ce Jedawa sun riƙe 'yan'uwansa cikin bauta, shi kuwa 'yanci yake nema. Amsar da Rex da Cody suka ba shi ita ce ya jefa rayukan 'yan'uwansa cikin haɗari, wanda gaskiya ne, amma ba ta taɓa zargin nasa ba. Masu shirin sun sa magana mafi gaskiya a bakin maci amana, dabarar da take ba mai kallo damar jin maganar ya kuma yar da ita tare da mai ita. A zango na biyu an gyara wannan da labarin Cut Lawquane, sojan da ya gudu daga yaƙi ya zama manomi a duniyar Saleucami, da mata da yara biyu da yake riƙo. Kyaftin Rex, wanda ya yi jinya a gidansa, ya yi masa gardama a kan rantsuwar aiki, Cut kuma ya tambaye shi ko shi ya taɓa zaɓar wani abu da kansa. Rex ya koma bakin aikinsa bai kai ƙararsa ba. Wannan kashi ya fi na Slick adalci domin ya bar mutum biyu masu fuska ɗaya sun zaɓi hanya biyu, ba a kuma mayar da ɗayansu mugu ba.

Ƙololuwar wannan tafiya ita ce labarin duniyar Umbara na zango na huɗu, a 2011. An ɗora wa runduna ta 501 wani janar na Jedawa, Pong Krell, mai kiran sojoji da lambobinsu yana tura su inda za su hallaka. Da Fives da Jesse suka saɓa umarninsa suka ci nasara, sai ya yanke musu hukuncin kisa, amma 'yan'uwansu da aka jera don harbin suka kauce da gangan. Daga bisani ya yaudari runduna biyu suka buɗe wa juna wuta, kowace tana zaton abokan gaba ne suka sa sulken 'yan'uwanta. Rex ya kama janar ɗin amma hannunsa ya kasa harbi. Wanda ya harbe shi shi ne Dogma, sojan da ya fi kowa riƙo da umarni. Abin da labarin Umbara ya kafa a fili yake: kwafaffe yana iya auna umarni, ya ga mugu ne, ya ƙi. Wanda kuwa yake iya ƙi, idan ya yarda, yardar tasa ce.

4.4 Ƙwayar Takunkumi

Wannan nasara ta jefa masu shirin cikin matsala. Sun shekara biyar suna sa yara masu kallo su ƙaunaci Rex da Cody, ga shi kuma fim ɗin 2005 ya riga ya yanke cewa waɗannan sojoji za su kashe Jedawa, har da ƙananan almajirai a cikin haikali. Mafitar da aka samo ta fito a zango na shida, a 2014. Wani soja mai suna Tup ya harbe malama Tiplar a tsakiyar yaƙi ba tare da dalili ba. Abokinsa Fives ya bi diddigi har Kamino, ya gano cewa an dasa wa kowane kwafaffe wata 'yar ƙwaya a ƙwaƙwalwa tun yana cikin kwalba. Mutanen Kamino suka ce takunkumi ce ta rage zafin rai, alhali ita ce za ta tilasta musu bin Umarni na 66. An kashe Fives kafin a gaskata shi.

A cikin wannan labari akwai musayar magana da ta tona asirin tsarin gaba ɗaya. Fives ya ce shi mai rai ne, ba kayan aiki ba. Likitar Kamino, Nala Se, ta ce mallakinsu ne tunda a ɗakin gwaje-gwajensu aka yi shi. Malama Shaak Ti, wadda take goyon bayansa, sai ta gyara mata da cewa a bisa ƙa'ida mallakin Jamhuriya ne. Mai kare shi da mai neman hallaka shi sun saɓa a kan waye mai kayan, sun yi ittifaƙi a kan cewa kaya ne.

Ta fuskar jan hankali ƙwayar takunkumi ta yi aiki. Ta mayar da kwafaffu waɗanda aka fi kowa zalunta a labarin, kuma ita ta ba da damar fitowar nan ta 2020 inda hannun Rex yake karkarwa, hawaye na zubo masa, yana ƙoƙarin ambaton sunan Fives kafin ya buɗe wa Ahsoka Tano wuta. Sai dai abin da aka biya ya yi tsada. Duk abin da Umbara ya gina, na cewa soja yana da ikon ƙin mugun umarni, an ɗauke shi a daidai ranar da ake buƙatarsa. Cody na 2005 yana tilasta wa mai kallo ya tuna shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, inda aka ƙi karɓar bin umarnin na gaba a matsayin abin da yake wanke mai laifi. Cody na bayan 2014 ba ya tilasta wa kowa tunanin komai game da kansa, domin babu mai ƙwaya a ƙwaƙwalwa a cikin masu kallo. Hatsarin da tsohon labarin yake nunawa, wato mutanen kirki masu horo suna iya aikata ta'asa da hankalinsu idan takarda ta zo daga sama, an mayar da shi ciwon da likita yake cirewa da tiyata. An wanke kwafaffu ta hanyar mayar da su abin da Lama Su ya ce su ne tun farko.

Akwai mai cewa ƙwayar misali ce kawai ta tarbiyyar da aka yi musu tun suna jarirai, wadda ita ma takunkumi ce. Wannan magana tana da ƙarfi, domin yaron da bai taɓa jin wata murya ba sai ta mai horo, zaɓinsa ƙuntatacce ne. Amma da ma tarbiyyar ta isa ta ɗauki wannan ma'ana ba tare da ƙwaya ba, kuma ta fi ta, tunda tarbiyya tana rage alhaki ne daidai gwargwado, ƙwaya kuwa share shi take yi baki ɗaya.

Ƙwayar ta kuma yi wa Jedawa rana. Da zarar an ce makirci ne na Palpatine da Dooku da masanan Kamino, sai hankali ya koma kan ɓera, a manta cewa daddawa ma da wari. Ko da babu ƙwaya, ko da Umarni na 66 bai taɓa zuwa ba, da sauran laifin karɓar mutane miliyoyi da aka saya, kamar yadda aka nuna a zango na uku inda Majalisar Dattawa take muhawarar cin bashi don sayo ƙarin miliyan biyar. Har Ahsoka, wadda ta ƙi kashe sojojin da suke farautarta a kashin ƙarshe, ta kuma tsaya ta binne su ta kafa kwalkwalinsu a kan sanduna, ita ce ta saki fursuna Maul don ya ɗauke musu hankali, shi kuwa ya karkashe su ya lalata injin jirgin da ya faɗo da sauran. Shirin ya nuna kaburburan, bai bari kowa ya yi mata wannan lissafi ba.

4.5 Bayan Yaƙi

The Bad Batch, wanda aka nuna daga 2021 zuwa 2024, ya ɗauki labarin daga ranar da Jamhuriya ta zama Daula. An yi masa ƙorafi a farkon fitowarsa cewa an haskaka fatar manyan taurarinsa fiye da ta Morrison, ƙorafin da yake da muhimmanci a labarin da ya shafi wanda ake ganin darajarsa. Duk da haka shi ne ya fi sauran fuskantar tambayar wannan babi. Daula ta ragargaza birnin Tipoca na Kamino, ta fara ɗaukar sojojin haya daga cikin jama'a, an ci moriyar ganga ana shirin yada kwaurenta. A zango na biyu Sanata Riyo Chuchi ta tashi neman wa kwafaffu fansho da wakilci, tunda ba su da kujera a majalisa. Ta yi nasarar tona cewa Adimiral Rampart ne ya sa aka rushe birnin, amma Palpatine ya juya hujjar, ya ce sojojin da za su bi irin wannan umarni ido rufe ba abin dogaro ba ne, dokar maye gurbinsu ta wuce. Biyayyar da aka dasa musu ita aka tuhume su da ita.

Gyaran da ya fi muhimmanci shi ne na tauraro Crosshair. A ƙarshen zangon farko 'yan'uwansa suna zaton ƙwaya ce take riƙe da shi a hidimar Daula, sai ya shaida musu cewa an daɗe da cire ta, shi ne ya zaɓi zama. Da wannan magana shirin ya mayar wa kwafaffe abin da aka ƙwace masa a 2014, wato ikon yin kuskure da kansa. Saboda haka ne juyowarsa take da nauyi. A wani kashi na 2023 an tura shi wani sansani mai ƙanƙara inda Kwamanda Mayday ya rasa kusan dukkan mutanensa wajen gadin wasu akwatuna, waɗanda aka gano kayan sojojin da za su gaje su ne a ciki. Crosshair ya jawo Mayday da rauni har sansani, Laftana Nolan, wanda da ma ya kira kwafaffu kayan da aka gama amfani da su, ya hana a yi masa magani har ya cika. Crosshair ya harbe laftanan. Babu tiyatar da ta kawo shi nan, kuma harbin bai goge mutanen da ya kashe wa Daula da hankalinsa ba, zango na uku ya bar shi da hannu mai karkarwa da 'yan'uwan da ba su yarda da shi nan take ba. Cody ma an nuna ya gudu daga aiki bayan ya fara tambayar kansa abin da suke yi.

Wanda har yanzu ba a kira gaban shari'a ba shi ne mai karɓar kayan. A shirin Obi-Wan Kenobi na 2022, wanda labarinsa ya faru shekara 10 bayan Umarni na 66, Obi-Wan yana tafiya a titin duniyar Daiyu sai ya ji wata murya da ya sani tana bara. Tsohon soja ne na runduna ta 501, da gemu buzu-buzu, cikin ragowar sulkensa, kuma a wannan karo Temuera Morrison ne da jikinsa, ba zanen kwamfuta ba. Idan yana cikin rukunin farko da Obi-Wan ya leƙa ta gilashi a Kamino, shekarunsa 23 ke nan. Ya miƙo kwalkwalinsa kamar ƙoƙon bara. Obi-Wan ya dube shi cikin firgici, ya jefa masa 'yan kuɗi, ya wuce neman yarinyar da ya zo ceto, shirin kuma ya bi shi.